Suwaitar Suruki

Duk wanda ya san Izzuddeen a unguwar Jigwada ta Keffi ya san babu sana'ar da bai iya ba, sai dai wadda aka ba shi ya yi. Ya taɓa kwandasta a motocin Keffi zuwa Nyanya, ya bari saboda wai direban ba ya karɓar shawara. Ya yi dillancin filaye a Masaka lokacin da Abuja ta cika ta fara amayo mutane, har ya nuna wa wani ma'aikaci fili mai kyau da rani, da damina ta sauka aka tarar ana kamun tarwaɗa a ciki. Duk da haka in ya zauna a bencin mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ya zana Abujar da hannunsa.

Mutum ɗaya ne bakin Izzu ke mutuwa a gabansa, wato surukinsa Malam Idris, mahaifin matarsa Rahamatu. A nan kam ya riƙe al'ada har ya fi masu ita. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafe ido a ƙasa, ba ya ɗagowa sai Malam ya shige. In ya hango babbar rigarsa daga nesa kuwa, lungu yake faɗawa. Tun zuwansa neman aure har 'yarsu Madina ta shiga makaranta, abin da ya sani na surukinsa bai wuce babban yatsan ƙafa ba, da gefen babbar riga mai sitaci, da wata murya mai kauri da ke sauko masa daga sama.

To Malam Idris yana da shago guda a bakin titin Abuja, kusa da tasha, inda ko ruwan sanyi ka ajiye sai ya ƙare kafin azahar. Wilson, mai sayar da katin waya a ƙarƙashin lema, ya daɗe yana zarya yana son haya. Ita kuma Rahamatu ta daɗe tana roƙon mahaifinta ya ba mijinta, ko Allah zai sa ya zauna wuri ɗaya. Malam ya ce, "Ni ba na ba surutu makulli. Ya kawo mini abu ɗaya da ya fara da hannunsa ya kuma gama. In ya yi kyau, shago nasa ne. In bai yi ba, Wilson na jira."

Ana cikin haka aka yi wa Malam ƙarin girma, aka mayar da shi wani sabon bene a Abuja, inda na'urar sanyaya ɗaki ke hurawa daga silin kuma duk ofishin babu wanda ya san inda ake kashe ta. Babbar riga kuwa ta kowane gefe ƙofa ce. Malam ya riƙa dawowa Keffi kullum da mura. Rahamatu ta faɗi wannan a gida da tausayi, ta ce Baba na neman 'yar suwaita mai kama jiki da zai sa a ƙarƙashin riga ba wanda ya gani.

Izzu ya ajiye cokali. "Ta samu," in ji shi.

"A ina?"

"A hannuna. Ni zan saƙa."

"Baban Madina, yaushe ka koyi saƙa?"

"A cunkoson Mararaba, a wayar wani fasinja. Kafin mu kai Ado na gane sirrin. Allura biyu ce da zare, sauran duk surutun mata ne."

Washegari kafin ya sayi ko zare ɗaya, duk Jigwada ta ji cewa ranar walimar ƙarin girman Malam za a ga suwaitar da ko a kantin Abuja babu irinta, kuma shagon bakin titi ya riga ya yi mai shi. Wilson yana gefe yana kankare kati.

A kasuwa ya nufi rumfar Madam Scholastica, mai sayar da ulu wadda ke saƙa wa 'yan makaranta rigunan sanyi. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Oga Izzu, Madam ɗinka ce ta aiko ka?"

"Ni na aiko kaina. Ba ni allura da ulu ruwan ƙasa."

"Mutumin babba ne ko ƙarami?"

"Surukina ne."

"Ban tambaye ka dangantaka ba. Ƙirjinsa nawa? Ga tef, je ka auno."

Izzu ya ja da baya kamar ta miƙo masa maciji. "In zagaye surukina da tef? In rungume shi ke nan? Madam, ku a wajenku haka ake yi?"

"A wajenmu matarka muke aikawa."

"Ba sai an aiki kowa ba. Idona tef ne."

"To ko ba ka auna shi ba, ka auna kanka. Ka fara saƙa ɗan ƙarami kamar tafin hannu, ka ga yadda hannunka ke jan zare. Wani yana matsewa, wani yana saki. Kowa da hannunsa."

"Gwaji na mai shakka ne."

Madam Scholastica ta ɗaga kafaɗa ta fara zuba ulu a leda. Ita dai zare take sayarwa, kuma ta lura wannan ciniki ba ƙarami zai zama ba.

A gida Rahamatu ta yi nata ƙoƙarin. "Baba fa ba shi da jiki. Bari in ɗauko maka tsohuwar singiletinsa ka bi."

"Singiletin surukina a ɗakina? Ki rufa mini asiri. Kuma ke 'ya ce, kin saba da shi, shi ya sa ba kya ganin girmansa. Ni da nake durƙusa masa ni na san abin da ke tsaye a kaina. Wannan muryar ba ta fitowa daga ƙaramin ƙirji."

Sai dai ko tef ɗin ido yana son ɗan abin dafawa. Don haka Izzu ya bi ta wajen mai wanki da guga na bakin rafi, inda ya san ana kai kayan Malam. Ga babbar rigar nan a shanye a kan igiya, ta sha sitaci ta buɗe kamar tana shirin tashi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce "A gafarce ni, Baba," ya runtse ido, ya buɗe hannuwa ya auna ta da gaba. Gaba ɗaya bai kai ƙarshenta ba, sai da ya matsa ya ƙara.

"Malam, lafiya kake rungumar wankin mutane?" in ji mai wanki.

"Aikin injiniya ne, ba za ka gane ba. Ina hularsa?"

Mai wanki ya nuna masa hular Malam a kife kan gungumen buga hula. Izzu ya zagaye ta da zare ya ƙulla. Sannan ya tsaya ya yi tunani irin na masana, ya rage zaren da kusan rabi.

"Me ya sa ka rage?"

"Wuya zan yi. Kai ka taɓa ganin wuyan da ya kai kai?"

Mai wanki ya shafa nasa wuyan, ya shafa kansa, ya ga lallai maganar gaskiya ce. Ya koma bakin gugarsa.

Aka fara saƙa a ƙofar gida, don Izzu ba ya aikin ɓoye. Kwanakin farko zaren ne ke saƙa shi, ya naɗe masa yatsu, ya naɗe ƙafar kujera, sau ɗaya har da kazar maƙwabta. Amma a faɗi gaskiya, hannunsa ya faɗa daga baya, abin ya fara fitowa. Matsalar ita ce ya ƙi daina fitowa. Ya sauko daga cinyarsa ya rufe gwiwa, ya sauka ƙasa, ya kama hanyar kwata. Ulu ruwan ƙasa ya ƙare a rumfar Madam Scholastica, aka shiga kore. Kore ya ƙare, aka shiga wani ja da ta ce tun bara ba wanda ya taya.

Masu wucewa suka samu abin yi.

"Sannu da aiki, Izzu. Bargo ne?"

"Suwaita ce."

"Ta mutum nawa?"

Wata tsohuwa mai ƙosai ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ya gama ta masallaci, ita ma tana son ƙarama ta ɗakinta. Wilson ya zo wucewa da lemarsa a kafaɗa, ya ɗaga gefen saƙar da yatsa biyu.

"Oga, in ta yi saura ka taimaka mini. Janaretona na shan ruwa da damina."

"Ka yi dariyarka, Wilson. Ka kuma riƙe lemar nan da kyau, don za ku daɗe tare."

Hannun dama na suwaitar ya saƙa shi ne a ranar da ransa ke ɓace da maganar Wilson, yana fizgar zare yana ƙwafa, sai ya fito a matse kamar safa. Na hagu kuwa ranar da mai shayi ya kira shi Injiniya ne, yana saƙa yana ba da labarin yadda zai buɗe reshe a Lafia da Akwanga, hannu a sake, baki a sake. Da ya farga, hannun hagu ya fi na dama tsawo da kamu guda, kuma yaro zai iya bi ta cikinsa ya fita.

Rahamatu ta jera su a tabarma ta dube su. "Ba su zo ɗaya ba."

"Da gangan ne. Na dama na rubutu ne, ba a son ya dame shi. Na hagu hutawa yake."

"Jikin fa? Baban Madina, wallahi ko Baba da kujerarsa za su shiga nan."

"Ulu ne, yana shan ruwa zai tsuke. Haka muke yi."

Ya jiƙa ta a baho, ya kira maƙwabci suka kama ta biyu suka rataya a igiyar shanya. Suwaita ta sha ruwa ta yi nauyi, ta fara miƙewa a hankali tana neman ƙasa. Da ta taɓa ƙasa sai igiyar ta tsinke, ta tafi da zannuwan Rahamatu da ƙusar bangon maƙwabta. Da ta bushe ta fi da tsawo.

Ko a nan Izzu bai karaya ba. Ya ce tunda mutanen gidan nan ba su da imani sai sun gani, zai yi gwaji sau ɗaya. Ya jawo duro ɗin ruwa tsakar gida ya zura masa suwaitar. Ta zauna daram.

"Kin gani? Kamar don shi aka yi."

"Don shi aka yi mana," in ji Rahamatu. "Wuyan fa, ka gwada?"

"Duro yana da kai ne?"

Tsoro Rahamatu take ji sosai, don ta san mahaifinta ba ya magana biyu, kuma ta gaji da amsa tambayar mata a gidan biki cewa yanzu maigidan me yake yi. Ta ce ko a bari ta kai wa Baba cikin gida ya gwada shi kaɗai. Izzu ya ce ba a ɓoye wata da tafin hannu, jama'a aka yi wa alkawari.

Ranar walima bayan la'asar ƙofar gidan Malam Idris ta cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Ga abokan aikinsa daga Abuja, ga liman, ga dattawan cocin da ke bayan layi, ga Madam Scholastica da ta ce ko ba a gayyace ta ba sai ta zo ganin inda ulunta ya tafi. Wilson ya samu kujera a gaba. Malam na tsakiya cikin babbar riga fara, ya cika kujera har ya zubo.

Sai ga Izzu ya turo baro, da buhu a kai. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya karɓi abin magana, ya juya wa surukinsa gefe don kunya.

"Jama'a, abin da za ku gani ba a sa masa tef ba, ba a yi masa gwaji ba. Ido ne da basira. Baba ya ce in kawo aikin hannuna. Ga shi."

Ya ajiye abin magana ya durƙusa a gaban Malam, ido a ƙasa. Mutum biyu suka zazzage buhun. Suka ɗaga, suka ƙara ɗagawa, ɗaya ya hau kujera. Surutun rumfa ya ɗauke.

Malam ya daɗe yana dubanta. "To, madalla. A kai ciki, na gwada daga baya."

"A'a, Baba," in ji Izzu daga ƙasa. "Masu hassada za su ce ba ta yi ba. A gwada a gabansu."

Baki shi ke yanka wuya. Malam ya miƙe, ya cire hula, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa liman. Mutanen nan biyu suka ɗaga suwaitar suka kifa masa. Malam Idris ya ɓace. Abin da ya rage shi ne wani tudu mai launi uku, da ɗan sanƙo yana leƙowa ta ramin wuya kamar ƙwai a bakin tulu.

Izzu daga inda yake ya ga gefen suwaitar ya sauka ya rufe babban yatsan da ya sani. Ya ji shirun jama'a, ya ɗauka mamaki ne.

"Alhamdu lillahi. Kun gani? Har ƙasa. Sanyi ba shi da ƙofa."

"Kan bai fito ba," in ji liman.

"A ja. Sabuwa ce."

Aka ja. Wani daga cikin mutanen Abuja ya ajiye lemonsa ya zo ya kama. Suka haɗa ƙarfi, wuyan ya wuce goshi, ya wuce gira, ya danne kunnuwa, ya zo kan karan hanci ya tsaya. Aka ja ƙasa ya ƙi. Aka ja sama ya ƙi. Yanzu idanun Malam biyu suna waje, sauran Malam yana ciki. Hannunsa na dama ya maƙale a gwiwar hannu ya sanƙare a sama kamar mai tsayar da mota, na hagu kuwa ba a san inda yake ba, hannun rigar dai na kwance a ƙasa wani yaro ya taka.

"Yaya kafaɗa?" in ji Izzu. "Na san kafaɗar ce za ta ɗan matse."

Wani dattijon coci ya cusa hankici a baki. Madam Scholastica ta juya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. Wilson kaɗai ne bai yi dariya ba, ya zauna tsaf kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.

Daga cikin ulu murya ta fito, a dakushe amma da kaurinta.

"Izzuddeen."

"Na'am, Baba."

"Ɗago ka dube ni."

"Wane ni, Baba."

"Na ce ka ɗago."

Izzu ya ɗago a hankali. Ya bi kore, ya bi ja, ya bi ruwan ƙasa, har ya iske idanu biyu suna kallonsa ta saman wuyan suwaita, ba sa ƙiftawa. Karo na farko ke nan da suka haɗa ido, kuma da a ce an ba shi zaɓi, da ba wannan ranar ya zaɓa ba.

Rahamatu ce ta fito daga cikin gida da almakashi, fuskarta a rufe da gyale don kunya ta gama kashe ta. Ba ta dubi mijinta ba. Ta sa almakashi a bayan kunnen mahaifinta ta yanke wuyan, ta tsarge hannun dama. Suwaitar ba ta ko tsaya gaisawa da kafaɗa ba, ta zube ƙasa gaba ɗaya. Malam ya ɗaga ƙafa ya fito daga cikinta kamar mai fita daga baho.

Ga shi nan tsaye cikin 'yar shara, ɗan dattijo siriri, gajere, wuya kamar na buta, da jan layi a kan hanci. Izzu ya dube shi daga sama har ƙasa, tafiyar ba ta yi nisa ba. Ya dubi babbar rigar da ke hannun liman. Ya sake duban Malam. Tausayi ya kama shi har cikin zuciya.

"Baba," ya ce, "kun rame."

"Haka nake tun kafin a haifi matarka."

A nan rumfa ta fashe. Liman ma sai da ya zauna. Izzu ya yi ta maza, ya ce wuyan ne kawai, a ba shi 'yan kwanaki ya warware ya sake, yanzu da ya ga mutumin ai aikin ya zo da sauƙi, har hula da safa zai haɗa.

Malam ya karɓi babbar rigarsa ya sa, ya koma girmansa na da. Ya dubi 'yarsa da ke tsaye da almakashi tana share ido da gefen gyale, ya ɗan jima, don shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli.

"Wilson."

"Sir!"

Wilson ya taso ya tsaya a bayan Izzu, ya miƙa hannu biyu. Makullin shago ya bi ta saman kan Izzuddeen ya wuce. Wannan kam ya gan shi sarai, don kansa a ɗage yake.